Yadda Gadona Ya Yi Taya Huɗu

"Yaya, ki rubuta ki ajiye," in ji ƙanena, yana buga ƙirji da sifana. "Kwana bakwai kacal nake nema. In suka cika ban ɗauke ki a motar nan na kai ki inda mota ba ta taɓa takawa ba, ki canza mini suna."

Na ce, "Wane sunan? Ai an riga ni."

Gaskiya na faɗa. Sunansa na yanka ya ɓace tun yana da gashi a ka. Unguwa kaf Na-Sani ake ce masa, domin ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce, "Ka ji an..." zai ce, "Na sani." Ka ce, "Rigarka ta kama..." zai ce, "Na sani," sai ya ji zafin wutar a gadon bayansa tukuna ya waiwaya. Shi ne autanmu, ni ce babba. Na goya shi, na share masa majina, yau ga shi da furfura a gemu, amma hankalin har yanzu yana hanya bai iso ba.

Shekara talatin ya yi a ofis yana buga hatimi a takarda. Aikin ke nan: a miƙo, ya buga, a ɗauke. Ranar da ya yi ritaya sai ya wayi gari ya sanar da mu cewa shi dama injiniya ne, ofis ne ya danne masa baiwa. Ya fara da fankar falo. Yanzu tana juyawa, amma sai matarsa ta tura ta da tsintsiya. Ya koma kan famfon tsakar gida. Tun daga ranar, in ka buɗe shi shiru, in ka rufe ya fara ɗiga.

Gida ɗaya muke, wanda mahaifinmu ya bari. Ɗakina yana wannan gefe, nasa da matarsa yana wancan. A tsakani akwai tsakar gida mai siminti, da bishiyar mangwaro a tsakiya, da rumfar kwano inda yake tara abokansa yana cika musu kunne. A bayan rumfar motar Baba take, irin doguwar nan ta shiga daji, mai manyan tayoyi, wadda ake ratsa rafi da duwatsu da ita. Shekara ashirin da biyu tana tsaye. Kaji sun yi ƙwai a kujerar direba, 'ya'yansu sun yi, jikokinsu ma sun yi.

Ita ce ya ce zai tayar. Ilimin kuwa a waya ya samo shi. Ya kalli wani mai jan gemu a wata ƙasa yana gyara irinta, ya yi minti goma sha biyu yana kallo, ya kashe wayar tun mutumin bai gama bayani ba.

"Sauran na sani," in ji shi.

Ya ce daga shasi ake farawa, wato ƙarfen ƙasa mai kama da tsani, wanda inji da tayoyi da bodi duk suke zaune a kansa. Ya tara maza takwas na unguwa. Aka kwance, aka cicciɓi bodin aka ɗora a kan durom huɗu kusa da famfo, aka sauke inji a gefe. Shasi ya bayyana. Ni dai ban ga ƙarfe ba. Wani abu na gani jawur, yana ɓarewa kamar busasshen burodi.

"Tsatsa ce kawai a sama," in ji Na-Sani. "Ƙarfen da ke ciki, Yaya, an daina yin irinsa. Da guduma ake gaisawa da shi."

Ya ɗaga guduma ya sauke. Tsatsa ta zubo. Ya ƙara, ta ƙara. Tun safe yake bugu har rana ta take, matarsa tana binsa da tsintsiya. Matar nan, Allah ya ba ta lada, shekara talatin da biyar tana share bayan basirar mijinta, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Shi ya sa nake ce mata Uwar-Haƙuri. Ta cika baho uku. A na huɗu ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Malam, motar fa tana raguwa."

"Na sani."

Ya ƙara ɗaya. Shasi ya yi nishi irin na tsoho zai tashi daga tabarma, ya rabe uku, ya kwanta.

Na ce, "To, ka gaishe shi, ya amsa."

Ashe duk shekarun nan tsatsar ce ke riƙe da motar. Baiwar Allah tana aikinta shiru, ya zo ya kore ta da guduma.

Uwar-Haƙuri ce ta lallaɓa ta kirawo mai walda na bakin titi. Mutum ne mai tsadar magana, hannuwansa duk tabon wuta. Ya zagaya guntayen nan uku, ya tsuguna, ya taɓa, ya sunkuyar da kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Yallaɓai, a kawo shi shago in haɗa."

"Shago? Wanda na gani a waya a gidansa ya yi. Injin walda kawai za ka ara mini."

"Ka taɓa yin walda?"

"Shekara talatin ina manna takarda da takarda. Ƙarfe ma ai manna shi ake yi."

Mai walda ya dube ni. Na kau da kai, don ba ni na haife shi ba, goyo kawai na yi.

Ya ce, "To ka saurara da kyau. Ƙarfe in ya ji wuta murɗewa yake yi. Sai ka nemi wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe miƙaƙƙe, ka jera guntayen a kansa. Ka ɗan kama su da shi, ɗigo huɗu, kowanne kamar ƙwayar wake, don kada su motsa. In ka gama haɗa shasin, ka ɓalle ɗigon da guduma, kowa ya kama gabansa. Huɗu, yallaɓai, ba biyar ba. Sannan ka tabbata abin da ka ɗora a kai yana zaune..."

"Na sani."

Mai walda ya haɗiye sauran maganarsa, ya tafi da ita shago.

Kwana biyu Na-Sani yana sintiri a gida yana neman shimfiɗaɗɗen ƙarfe. Rana ta uku na fito daga wanka na tarar da shi a ɗakina, ya ɗage katifata, yana shafa gadona kamar mai taya saniya a kasuwa.

Bari in gaya maka gadon nan, don ka san abin da ake magana a kai. Na ƙarfe ne, baƙi, mai nauyi, shekararsa arba'in da huɗu a wurina. A kansa na yi jegon 'ya'ya shida. Bayana ya san shi, shi ma ya san bayana. An taɓa kwantar da ni a asibiti, kwana biyu na sallami kaina saboda gadonsu. In na kwana a wani wuri ba a kansa ba, da safe sai an ɗaga ni kamar buhu. Ba ni da gona, ba ni da zinariya. Gadon nan shi ne abin da na mallaka.

Na ce, "Fita."

"Yaya, kwana uku ne. Ko ƙwarzane ba zai yi ba. Kin ji da kunnenki, ɗigo huɗu."

Na nuna masa ƙofa da yatsa. Ya fita, ya turo matarsa. Ta zo ta durƙusa.

"Yaya, ki rufa mini asiri. Ya ce in bai samu gadonki ba, ƙofar banɗaki zai cire."

Don ita na yarda, ba don shi ba. Ya zo da tela maƙwabcinmu, suka kwance fuskar gadon suka jingine a bango, suka cicciɓi sauran.

Na ce, "Kai, tsaya. Akwai bulo a ƙarƙashin ƙafar..."

"Na sani," in ji shi. Ya sa ƙafa ya ture bulon gefe, suka fice.

To ni ina da ƙa'ida: magana sau ɗaya nake yin ta. Da haka na tarbiyyantar da 'ya'ya shida, babu wanda ya lalace. Ƙafa ɗaya ta gadon nan gajeruwa ce tun ranar da aka ƙera shi, ta gaza 'yan'uwanta da faɗin tafin hannu. Shekara arba'in da huɗu bulon nan ne ke cike gurbin. Mutum ya ce ya sani. Na ɗauki bulona, na goge shi, na ajiye a taga.

Aka dire gado a kan siminti. Aka jera guntayen shasi a kansa a kife, cikinsa yana kallon sama, wai haka mai jan gemu ya yi. Nauyi ya danna, gajeruwar ƙafa ta sauka ta nemi ƙasa, gado ya murɗe kamar mai ciwon kwankwaso. Na gani daga ƙofar ɗakina. Kaji ma sun gani. Injiniya bai gani ba, yana can yana neman abin kare ido.

Mai walda ya haɗo masa da abin rufe fuska, ya ƙi sawa, wai yana hana shi ganin aiki. Ya sa baƙin tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ya kunna inji, ya taɓa ƙarfe, wuta ta yi tartsatsi, ya yi tsalle ya faɗa cikin bahon tsatsa. Ya tashi ya ce gwaji ne.

Ya yi ɗigo huɗu. Ya ja baya ya dube su, ya taɓe baki.

"Wannan ai aikin ragwaye ne. Shi ya sa mutumin nan har yau yake bakin titi. Ɗigo huɗu a motar da za ta hau dutse?"

Ya mayar takwas. Ya mayar goma sha shida. Daga nan hannunsa ya faɗa, daɗi ya kwashe shi. Ya bi gefen gadon nan kaf daga kai har ƙafa, ya dawo ta ɗaya gefen, kamar tela yana kalmasa bakin zane. Duk inda ya ga ƙarfe ya kusanci ƙarfe sai ya haɗa su zumunci. Sifanar da ya manta a kai tana nan manne har yau. Cokalin shayinsa ma yana nan.

Kwana uku suka zama tara. Idanunsa suka kumbura kamar an cusa masa tumatir, wandonsa ya zama rariya. Ni kuwa ina kan tabarma. Kullum da safe Uwar-Haƙuri za ta zo ta kama hannuwana ta ja, in tashi kashi-kashi, ƙugu daban, wuya daban. Tsayawa kawai nake a bakin ƙofa in zuba masa ido, shi kuma ya ce, "Gobe, Yaya," ba tare da ya ɗago ba.

Rana ta goma ya sake tara mazan unguwa, ya ce a ɗaga shasi a juya shi, a mayar wa Yaya kayanta tunda ta ƙi bari a sha iska. Maza takwas suka kama. Ɗaya, biyu, uku! Shasi ya tashi. Gado ya bi shi.

Tela ya ce, "Injiniya, gadon fa ya biyo mu."

"Ku girgiza."

Suka girgiza.

"Ku girgiza kamar kun ci abinci!"

Suka girgiza har mai shagon kusa da mu ya ce bayansa ya amsa. Gado ko a jikinsa. Dole aka juya su tare aka dire. Ga shasi a ƙasa, ga gadona a bisa a kife, ƙafafu huɗu suna kallon sama kamar akuyar da ta ci leda.

Na-Sani ya ɗauko guduma wai zai ɓalle ɗigo. Ya buga, guduma ta dawo ta same shi a gwiwa. Ya zagaya abin sau biyu yana ɗingishi. Na ga lokacin da gaskiya ta shiga kansa, na kuma ga lokacin da bakinsa ya riga ta fitowa.

"Dama haka na tsara," in ji shi. "Ƙarin ƙarfi ne. Manyan kamfanoni ma ba su gano wannan ba tukuna."

"Bodin fa?" in ji tela. "Ta ina zai zauna, ga ƙafafu a tsaye?"

"Bodi nauyi ne kawai. Motar daji ta gaskiya iska take so."

Na ce, "Ni kuma a ina zan kwanta?"

"Yaya, ki bari in gwada ta sau ɗaya. Ɗaya tak. Daga nan in yanko miki gadonki, har fenti zan yi masa."

Kwana huɗu ya yi yana ɗaura tayoyi. Da aka sauke jak, uku suka zauna a ƙasa. Ta huɗu, ta baya a hagu, ta tsaya a sama tana lilo. Ɗan tsako ya wuce ta ƙarƙashinta bai ko sunkuya ba.

"Simintin nan ne ba daidai ba," in ji Na-Sani.

Aka tura motar ƙofar ɗakina. Taya tana sama. Aka tura ta gindin mangwaro. Tana sama. Aka juya gabanta gabas, aka juya yamma. Tana nan inda take, ta ƙi taka ƙasa kamar sabuwar mai kuɗi.

"To gidan ne gaba ɗaya a karkace. Baba bai sa an auna ba lokacin gini."

Na ce, "Ka bar Baba ya huta a kabarinsa."

Ana cikin haka mai walda ya shigo karɓar injinsa. Ya ga abin. Ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

"Yallaɓai, ɗigo nawa ka yi?"

"Wadatattu."

"Gadon da ka ɗora a kai, ƙafafunsa daidai suke?"

Na shiga ɗaki na ɗauko bulona daga taga, na zo na tura shi ƙarƙashin tayar da ke lilo. Ya shiga cif, kamar don ita aka buga shi. Ko takarda ba za ta ratsa tsakaninsu ba.

Na-Sani ya buɗe baki. "Na sa..."

Na ce, "Kul."

Ya rufe. Tun da aka yaye shi ban ga haka ba.

Kana tsammanin ya haƙura? Ba ka san autan gidanmu ba. Washegari ya ɗora inji. Noti takwas ne ke riƙe inji, ya sami biyu, sauran sun bi tsatsa an zubar a bola. Ya ce biyun ma ɗaya na ado ne. Ya ɗaure kujerar roba da igiya a wurin sitiyari. Tankin mai kuwa galan ne, ya rataye shi a ƙafar gadona.

Ranar gwaji da hantsi ya gayyato unguwa. Ya fito da farar riga, da tabarau biyun nan, da safar hannun da Uwar-Haƙuri ke wanke-wanke da ita. Ya yi jawabi a kan masu hassada da masu ƙaramin tunani, yana kallon mai walda ta gefen ido. Sannan ya zare bulo ya miƙo mini.

"Riƙe kayanki, Yaya. Fasaha ba ta buƙatar bulo."

Zan faɗi gaskiya ko a kan wa ta faɗa: injin ya tashi. Ya yi tari, ya yi atishawa, ya feso baƙin hayaƙi da gashin kaji na shekara ashirin da biyu, amma ya tashi. Mutane suka yi tafi. Na-Sani ya ɗaga musu hannu kamar shugaban ƙasa, ya sa giya, ya taka totur.

Mota ba ta motsa ba. Tayar da ke sama ce kaɗai ta kama gudu, fir-fir-fir, ita ɗaya ta ɗauki hanya, sauran ukun suna tsaye suna kallonta.

Mai walda ya matso kusa da ni. "Haka suke, Iya. Duk ƙarfin wajen wadda ba ta taka ƙasa yake tafiya."

Na ce, "Na san irinsu. Na goyi ɗaya."

Na-Sani kuwa ya duƙufa a kan sitiyari, yana murzawa hagu da dama, yana kallon gaba. Ya ɗaga murya ta rinjayi inji.

"Tela! Ina muka kai?"

"Ba ka bar gida ba tukuna, Injiniya!"

Ya waiwaya ya ga abin da ake ciki. "Nauyi ake so a kusurwar nan! Yaya, zo ki zauna!"

Na dube shi.

"A'a, bari, bari. A kawo bulon!"

Tela ya karɓi bulo a hannuna, ya sa sanda ya tura shi ƙarƙashin tayar da ke gudu. Taya ta cafke shi ta harba baya kamar harsashi. Ya bi ta kan mai shago ya ɗauke masa hula, ya je ya daki ɗaya daga cikin duromin da bodi ke kai. Bodi ya ɗan yi tunani, ya zame, ya kife a kan famfo. Famfon da ba ya zuba in an buɗe, ranar ya yi feshi har kan kwano. Bulo kuwa ko gefensa bai ɓantare ba.

Mai walda ya yi ihu, "Kashe, yallaɓai! Kada ka taɓa ƙaramin giyan nan na..."

"Na sani!"

Ya ja shi. Ashe shi ne ke ba tayoyin gaba ƙarfi. Mota ta zabura kamar an tsikare ta. Amma da yake a murɗe aka haife ta, ba ta san miƙewa ba. Ta kama zagaye bishiyar mangwaro.

Unguwa ta watse. Tela, da shekarunsa da tumbinsa, sai ga shi a reshe na uku. Mai shago ya faɗa banɗaki ya sa sakata. A zagaye na farko ƙafafun gadona suka kwashe igiyar shanya da duk abin da ke kanta. A na biyu mota tana tafe da tutoci. Da ya zo saitina ya kwarara ihu, "Yaya, kin gani? Tana tafiya!"

A na uku ya ce, "Yaya, matsa!"

A na huɗu ya ce, "Ina birki?"

Uwar-Haƙuri ta leƙo ta taga, ta amsa da ladabi, "Malam, yana cikin kwali a falo. Ka ce sai an dawo za a sa."

A zagaye na biyar notin nan biyu suka gaji. Inji ya karkata, ya sauka ta gefe, ya zauna daram a kan siminti kamar fasinjan da ya iso unguwarsu, ya yi tari biyu ya mutu. Sauran motar ta ci gaba ba tare da shi ba, a hankali, a hankali, ta gangaro ta tsaya daidai ƙofar ɗakina. Gado dai ya san gida. Na-Sani yana kan kujerar roba, zanen matarsa ya lulluɓe masa kai, sitiyari ya cire yana riƙe da shi a cinya.

"Gwajin farko ke nan," in ji shi daga cikin zane. "An sami bayanai."

Ban kula shi ba. Na yafito mai walda. "Raba mini gadona da wannan annoba."

Ya shiga ƙarƙashi, ya daɗe yana ƙwanƙwasa, ya fito yana kaɗe riga.

"Iya, ba za su rabu ba. Duk waldar da ya yi wa shasin ta saki. Babu wadda ta kama sai wadda ya yi wa gado. Yanzu gadonki ne ke riƙe da motar. Kuma ya narka gefen gadon a cikin shasin. In na bi da wuta, shi ba mota, ke kuma guntaye zan miƙo miki."

"Zai ɗauki mutum a haka?"

"Zai ɗauki giwa."

Na auna lamarin. Kwana goma sha biyar ina kan tabarma, bayana kamar an daddatsa. Sai na juya na fuskanci unguwa, na ƙasa da na kan bishiya, na yanke hukunci sau ɗaya.

"Gado nawa ne. Duk abin da ya manne da gadona, nawa ne. Uwar-Haƙuri, kawo katifa."

"Yaya, motar Baba ce fa!" in ji Na-Sani.

"Motar Baba ta tafi a baho huɗu. Sauka."

Katifa ta zauna tsakanin ƙafafun nan huɗu kamar an auna. Gidan sauro kuwa, shekara arba'in da huɗu ina fama da ƙusa a bango, yau ga sanduna a tsaye kyauta. Kusurwa ɗaya ce dai ta ɗan sunkuya, ta wajen gajeruwar. Abin ba ya shiga ƙofar ɗakina, don haka na karɓe rumfar. Tela ya ɗinka labule aka zagaye ta, mai walda ya yi mini matakala biyu. Majalisar Na-Sani ta tashi daga ranar, kunnuwan abokansa suka huta. Bayana kuwa cikin kwana biyu ya saki. Har ya fi da daɗi, don tayoyin suna ɗan lilo in na juya.

Likita ya taɓa ce mini gwiwoyina suna son hantsi. Saboda haka kullum bayan shayi sai in ɗaga murya in ce, "Direba!" Sai ya fito. Ya zare bulo, ya dafa baya, ya tura ni rana, ya mayar da bulo. In ta yi zafi in ce, "Direba!" ya kai ni inuwa. Da yake motar ba ta san miƙewa ba, kowace tafiya sai ya zagaya mangwaro da ni. Wani lokacin in na ga yana neman yin ƙiba, nakan ce mu ƙara zagaye ɗaya. Alkawari kuwa ya cika shi, ba zan zalunce shi ba. Ya kai ni tsakanin kejin kaji da banɗaki, kuma na tabbata mota ba ta taɓa takawa nan ba.

Rannan wani tsohon abokin aikinsa ya zo, wai ya ji labarin motar a gari. Ya shigo ya same mu a zagaye na biyu, Na-Sani ya jiƙe sharkaf da gumi. Yana ganin baƙo ya miƙe, ya gyara riga, ya jingina da ƙafar gado.

"Ka ganta nan," in ji shi. "Sabuwar fasaha. Ƙirar hannuna. Ba ta shan mai ko ɗigo."

Baƙo ya zagaya, ya leƙa gaba, ya leƙa ƙasa. "Ikon Allah. To ina injinta?"

Na ɗaga gidan sauro na leƙo.

"Ga shi nan kana magana da shi. Tsoho ne, ƙara ta yi masa yawa, amma da kofi ɗaya na shayi yake wuni yana aiki. Direba, mu je."